Darasi a kan Shekarar Tushe: Yadda Ƙasashe Suke Sabunta Ma'aunin Arzikinsu

MANUFOFIN DARASI

Ana fata, da yardar Allah, bayan kammala wannan darasi ɗalibi zai iya:

1. Bayyana abin da hukuma take ƙirgawa idan ta ce ta auna arzikin ƙasa.
2. Rarrabe tsakanin ƙaruwar da tsadar kaya ta haifar da ƙaruwar da ta zo daga yawan abin da aka samar.
3. Faɗin ma'anar shekarar tushe, da ayyuka biyu da take yi, da ɓarnar da tsufanta yake jawowa.
4. Duba shekarar tushen wata ƙasa, ya yanke hukunci ko sabuwa ce ko kuwa ta tsufa.

GABATARWA

A ranar Lahadi, 6 ga watan Afrilu 2014, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci Dakta Yemi Kale, ta tara manyan ma'aikata da 'yan jarida a Abuja, ta shaida musu cewa arzikin da Nijeriya ta samar a shekarar 2013, wanda har zuwa safiyar wannan rana ake ƙiyasta shi a kan naira tiriliyan 42, bayan an sake awo an tarar ya haura tiriliyan 80, watau kimanin dalar Amurka biliyan 510, abin da ya sa ƙasar ta shige gaban Afirka ta Kudu, ta zama ta fari a nahiyar baki ɗaya. Da gari ya waye mutane suka shiga kasuwa, sai suka iske mudun gero yana nan a kuɗinsa na jiya, albashi bai gusa ba, wanda ya kwana da bashi kuma da shi ya tashi. Don haka da yawa suka ce wannan ai rufa-ido ne, gwamnati ce take yi wa kanta kirari. Mai wannan zato yana da uzuri, tun da ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba, amma zaton nasa bai dace da gaskiya ba. Arzikin yana nan tun da daɗewa, ma'aunin ne ya tsufa har ya kasa ganinsa, domin kuwa har zuwa wannan rana da awon shekarar 1990 ake auna ƙasar, awon da ya shekara 24.

FASALI NA FARKO: ABIN DA AKE ƘIRGAWA

Kamar yadda ba a sanin samun gida sai an haɗa abin da kowane mai nema a cikinsa ya kawo, haka nan hukuma ba ta sanin samun ƙasa sai ta tattara abin da manomi da makiyayi da maƙeri da malamin makaranta da direban tirela da likita suka samar a tsawon shekara guda, ta mai da shi duka zuwa kuɗi, saboda buhu da tulu da awa ɗaya ta koyarwa ba su haɗuwa a jimilla ɗaya sai ta hanyar farashi.

AKWATIN MA'ANA
Lissafin arzikin ƙasa: littattafan da hukumar ƙididdiga take rubuta abin da ƙasa ta samar, da abin da ta ci, da abin da ta ajiye, da abin da ta saya ko ta sayar wa waje.
Jimillar samarwa ta cikin gida: darajar dukan kaya da hidimomin da aka samar a cikin iyakokin ƙasa a shekara guda. Ita ce ake ji a rediyo ana ce mata GDP.
Ƙarin daraja: kuɗin abin da mutum ya sayar, bayan an ɗebe kuɗin kayan da ya sayo ya yi aikin da su.

Sharaɗin farko a wannan lissafi shi ne kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Misali na 1. Mu ƙaddara wani manomi ya noma gyaɗa da irin da ya ajiye, ya sayar wa wata mai ƙuli-ƙuli a kan naira 10,000. Ita kuma ta soya, ta niƙa, ta matse, ta sayar da man da ƙulin ga wani ɗan kasuwa a kan naira 16,000. Shi kuma ya kai birni ya sayar a kan naira 19,000. Wanda ya haɗa cinikin uku zai sami 45,000, amma ya yi kuskure, domin gyaɗar nan guda ya ƙirga har sau uku. Daidai shi ne a ɗauki ƙarin darajar kowa: manomi 10,000, mai ƙuli 6,000, ɗan kasuwa 3,000. Jimilla 19,000.

Wannan ilmi ba tsoho ba ne ainun. Simon Kuznets ya miƙa wa majalisar dattawan Amurka lissafin samun ƙasarsu a 1934, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar da ƙa'idojin da ƙasashe za su bi a 1953, ta sake su a 1968 da 1993 da 2008, sannan ta amince da sabon tsari a 2025. A Nijeriya, Turawa biyu, Prest da Stewart, su ne suka fara lissafa samun ƙasar na shekarar 1950 zuwa 1951, daga bisani Dakta Pius Okigbo ya yi na 1950 zuwa 1957, ya kuma saɓa musu a kan mas'alar aikin da matan aure suke yi wa gidajensu, wanda su suka sa masa farashi suka shigar, shi kuwa ya fitar. Ɗalibi ya lura tun daga nan cewa lissafin arzikin ƙasa ijtihadi ne na masana, yana da ƙa'idoji tabbatattu, amma a cikinsa akwai yaƙini, akwai kuma kintace.

FASALI NA BIYU: TSAYAYYEN FARASHI

Idan aka ce arzikin ƙasa ya ninka, wajibi ne mai hankali ya tambaya: kayan ne suka yi yawa, ko kuwa kuɗinsu ne ya tashi? Hanyar warware wannan shubuha ita ce a zaɓi shekara guda, a riƙe farashinta, a riƙa ƙimanta kayan kowace shekara mai zuwa da wannan farashin, ta yadda duk wani canji da ya bayyana a jimilla zai zama daga yawan kaya ya taso.

AKWATIN MA'ANA
Shekarar tushe: shekarar da aka zaɓa aka yi cikakken bincike a cikinta, aka riƙe farashinta da yadda sana'o'i suka rabu a cikinta, don a riƙa gwada sauran shekaru da ita.
Farashin yayi: farashin da kaya suke ci a shekarar da ake ciki.
Tsayayyen farashi: farashin shekarar tushe, wanda ba a canzawa sai ranar da aka sabunta ta.

Misali na 2. Mu ƙaddara wani ƙauye gero da awaki kaɗai yake samarwa.
A shekarar tushe: gero buhu 100, kowane naira 2,000, ya kama 200,000. Awaki 50, kowace naira 4,000, ya kama 200,000. Jimilla 400,000.
Bayan shekara 10: gero buhu 110, kowane naira 10,000, ya kama 1,100,000. Awaki 60, kowace naira 15,000, ya kama 900,000. Jimilla 2,000,000.
Da farashin yayi, sai a ce arzikin ƙauyen ya ninka sau 5. To, mu sake ƙimantawa da tsayayyen farashi: buhu 110 sau 2,000 ya ba da 220,000, awaki 60 sau 4,000 ya ba da 240,000, jimilla 460,000. Ƙarin haƙiƙa 60,000 ne a kan 400,000, watau kashi 15 cikin 100. Saura duk tsada ce.

Wannan shi ne aikin farko na shekarar tushe, kuma shi ne wanda aka fi sani.

FASALI NA UKU: AIKI NA BIYU, WANDA YA FI NA FARKO NAUYI

Babu wata hukuma a duniya da take da ikon ta bi kowace gona da kowane shago da kowace rumfar kasuwa a kowace shekara, domin kuɗin da ma'aikatan da wannan aiki zai ci sun fi ƙarfin baitulmali. Abin da ake yi shi ne, a shekarar tushe a yi babban bincike: a ƙidaya gonaki da dabbobi, a ƙidaya masana'antu da shaguna, a zaɓi dubban gidaje a tambaye su abin da suke samu da abin da suke kashewa, a tattara takardun kwastan da na haraji da na bankuna, sannan a zauna a daidaita su, har abin da aka ce an samar ya yi daidai da abin da aka ce an yi amfani da shi. Daga wannan aiki ake sanin sana'o'in da suke akwai da kason kowace a cikin jimilla. A shekarun da suka biyo baya kuwa, alamomi kawai ake bi: a dubi buhunan siminti da aka sayar a kintaci aikin gini, a dubi damina da rahoton malaman gona a kintaci amfanin gona, a wasu ƙasashe ma a dubi yadda jama'a suke ƙaruwa a ce ƙananan sana'o'i sun ƙaru gwargwadon haka.

Ka ɗauka tela ne ya auna yaro yana ɗan shekara bakwai, ya rubuta awon a littafinsa, tun daga nan bai sake sa masa tef ba, sai dai kowace sallah ya ƙara yatsa biyu a tsawo da faɗi bisa kintace. Shekara ɗaya ko biyu rigar za ta zauna. Amma idan aka kai shekara ashirin a haka, yaron ya zama magidanci, kafaɗa ta buɗe fiye da yadda aka zata, wuya ya yi kauri, rigar da za a ɗinka masa ta wani mutum ce wanda ba a taɓa haifa ba.

Tsufan shekarar tushe yana ɓata lissafi ta fuska uku, amma ta farko ta fi muni. Sana'ar da ba a haife ta ba a shekarar tushe ba ta da gurbi a littafi, ko kuwa gurbinta ƙanƙane ne ƙwarai, don haka komai girman da ta yi daga baya ba zai bayyana yadda ya kamata ba. Dattawa a cikinku sun san Nijeriya ta 1990: wayar tarho ta gidan sarauta ce da ofisoshin gwamnati da 'yan tsirarun attajirai, kamfanin NITEL kaɗai yake ba da layi, mai son kiran ɗan'uwansa a Ikko sai ya je ofishin waya ya bi layi. A 2001 aka sayar da lasisin wayar salula, kafin 2013 layukan da suke aiki sun haura miliyan 100, kuma a bayan kowane layi akwai mai sayar da kati a ƙarƙashin lema, da mai cajin waya da ɗan ƙaramin janareta, da yaron da ya koyi gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Duk da haka tsohon lissafi yana ba harkar sadarwa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa. Da aka sake awo sai aka ga ta kusa kashi 9. Fina-finai da waƙoƙi, waɗanda kusan babu su a tsohon littafi, aka tarar sun kai kashi 1.4. Rukunan sana'o'in da hukuma take aunawa suka tashi daga 33 zuwa 46. Noma, wanda ake ɗauka ya kai kimanin kashi 35, ya sauko zuwa 22, man fetur ya sauko daga kimanin 32 zuwa 14, alhali ko buhu ɗaya bai ragu a rumbu ba. Sauran sana'o'in ne aka gano girmansu, sai kason waɗannan ya ƙanƙance.

Fuska ta biyu ita ce farashin kaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa. Layin waya da aka saya da dubban nairori a farkon zuwansa, yau kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, abinci kuwa sai hawa yake yi. Wanda ya ci gaba da ƙimanta abin da ya yi araha da tsohon farashinsa mai tsada zai ba shi nauyin da ba nasa ba. Ta uku kuma, ƙa'idojin lissafin su kansu ana gyara su, ƙasar da ba ta sabunta ba takan zauna a kan tsohuwar ƙa'ida, sai gwada ta da maƙwabtanta ya zama gwada abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba.

Misali na 3. Mu koma ƙauyenmu. A cikin shekaru 10 nan an sami 'yan acaɓa, da mai injin niƙa, da mai shagon cajin waya da cire kuɗi, waɗanda ƙarin darajarsu a shekara ya kai naira 500,000. Littafin hukuma gero da awaki kaɗai ya sani, don haka ya rubuta 2,000,000. Ranar da aka sake bincike, jimilla ta zama 2,500,000, ƙarin kashi 25 cikin 100 ke nan a rana ɗaya. Babu wanda ya ƙara ko kwabo a aljihunsa a wannan rana.

FASALI NA HUƊU: INA ƘASASHE SUKA TSAYA?

Shawarar da masana ƙididdiga na duniya suka haɗu a kanta ita ce a sabunta shekarar tushe duk bayan shekara 5. Bankin Duniya, a cikin ma'aunin da yake gwada ƙarfin hukumomin ƙididdiga da shi, yakan duba ko shekarar tushen ƙasa tana cikin shekaru 10 da suka wuce, ko kuwa ƙasar tana bin lissafin sarƙa. Wadda ta kasa cika ɗaya daga cikin biyun ba ta samun maki a wannan babi.

AKWATIN MA'ANA
Sabunta shekarar tushe: barin tsohuwar shekara, da yin sabon bincike, da sake lissafin shekarun baya bisa sabon awo.
Lissafin sarƙa: ƙimanta kayan bana da farashin bara, na baɗi da farashin bana, sannan a ɗaura ƙarin kowace shekara a kan na wadda ta gabace ta.

Misali na 4. Idan aka fara da 100, ƙasa ta ƙaru da kashi 5 bisa farashin bara, an kai 105. Shekara ta gaba ta ƙaru da kashi 4 bisa farashin shekarar da ta gabata; kashi 4 na 105 shi ne 4.2, an kai 109.2. Farashin da ake aiki da shi bai taɓa wuce shekara guda da tsufa ba.

Amurka ta koma wannan hanya a 1996, Birtaniya a 2003, haka nan ƙasashen Tarayyar Turai da Kanada da Japan da Ostareliya. Sai dai lissafin sarƙa matsalar farashi kaɗai yake magancewa, ba ya gano sabuwar sana'a da kansa, shi ya sa Amurka take ƙidayar masana'antu da shagunanta duk bayan shekara 5.

A sahu na biyu akwai ƙasashen da suke riƙe da shekara guda amma suna ƙoƙarin sabuntawa a kan kari. Sin takan canza tata duk shekara 5. Afirka ta Kudu ta tashi daga 2010 zuwa 2015 a watan Agusta 2021, jimillarta ta ƙaru da kashi 11 kacal, kuma wannan ƙanƙantar ƙari shaida ce ta cewa ba a bar awon ya yi nisa da gaskiya ba.

Sahu na uku shi ne na waɗanda suka yi dogon jinkiri, kuma a nan ne ake ganin tsalle mai ban mamaki. Gana ta zauna a kan 1993 har zuwa watan Nuwamba 2010, da ta koma 2006 sai arzikinta ya ƙaru da kimanin kashi 60, Bankin Duniya kuma ya fitar da ita daga sahun ƙasashe masu ƙaramin samu a 2011. Wannan al'amari ya girgiza masana, har wani malami mai suna Morten Jerven ya wallafa littafi a 2013 a kan raunin alƙaluman tattalin arzikin Afirka. Kenya ta tashi daga 2001 zuwa 2009 a shekarar 2014, ta ƙaru da kashi 25. Zambiya daga 1994 zuwa 2010, ita ma kimanin kashi 25. Senegal ta bar 1999 ta koma 2014, ta ƙaru da kusan kashi 30. Kwaddebuwa ta bar 1996 ta koma 2015, ta ƙaru da kashi 38. Jamhuriyar Nijar ta bar 2006 ta koma 2015, ta ƙaru da kimanin sulusi. Nijeriya da kashi 89 ita ce ta fi kowa, domin ita ce ta haɗa dogon jinkiri da babban sauyi. Kada kuma a ɗauka wannan cuta ta Afirka ce kaɗai: Boliviya ta yi shekaru fiye da 30 a kan 1990, Benezuwela ta daɗe a kan 1997, Indiya mai ɗimbin masana lissafi ta haura shekara 10 a kan 2011 zuwa 2012.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne Nijeriya, bayan darasin 2014 da alkawarin da aka yi na bin ƙa'idar shekara 5, ba ta sake sabuntawa ba sai watan Yuli 2025, lokacin da shekarar tushe ta 2010, wadda aka koma a 2014, ta cika shekara 15. An koma 2019, an tarar jimillar wannan shekarar ta fi yadda ake zato da kusan kashi 42, ta 2024 kuma ta kai naira tiriliyan 372.8. An zaɓi 2019 ne saboda sharaɗin shekarar tushe shi ne ta zama shekara mai zaman lafiya, wadda babu annoba ko fari ko yaƙi da ya karkatar da farashi, 2020 kuwa shekarar korona ce, waɗanda suka biyo ta kuma ba su natsu ba. Hujjar karɓaɓɓiya ce, amma sakamakonta shi ne ranar da aka bayyana sabuwar shekarar tushe ta riga ta shekara 6.

FASALI NA BIYAR: ABIN DA SABUNTAWA TAKE CANZAWA

Gwamnatoci da masu ba da rance ba su cika duban bashi ko haraji shi kaɗai ba, sukan gwada shi da jimillar samarwa, don haka idan jimilla ta canza, kowane kaso da aka gina a kanta sai ya canza.

Misali na 5. Ƙauyenmu yana da bashin naira 400,000, yana tara harajin 200,000. A tsohon awo na 2,000,000, bashi kashi 20 ne, haraji kashi 10. A sabon awo na 2,500,000, bashi ya zama kashi 16, haraji kashi 8. Mai bin bashi har yanzu 400,000 yake bi.

Haka ya faru a Nijeriya a 2014, inda kason bashi ya sauko daga kimanin 19 zuwa 11. A nan akwai haɗari, domin shugaba yana iya ganin kaso ya sauko ya ce an sami sararin ƙara cin bashi, alhali bashi da kuɗin shiga ake biyansa, sabon awon kuma ya tona cewa abin da gwamnati take tarawa ya fi ƙanƙanta bisa ga girman ƙasar fiye da yadda aka sani. Haka nan kason da ake kashewa a kan makarantu da asibitoci yakan fito ƙarami. Ƙasar da ta haura sahun masu ƙaramin samu kuma, sannu a hankali takan rasa rance mai sauƙin ruwa, ko da yake talakanta yana nan yadda yake.

Wani lokaci saurin ƙaruwa ma yakan canza. Da Indiya ta sabunta a watan Janairu 2015, ƙaruwar shekarar 2013 zuwa 2014 ta tashi daga kashi 4.7 zuwa 6.9, masanan ƙasar suka yi shekaru suna jayayya a kai. Ɗalibi ya kuma kiyaye lissafin dala: Nijeriya ta 2024, duk da sabon awo, kimanin dala biliyan 243 ce, ƙasa da rabin ta 2013, tana bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya, kuma babban dalilin wannan shi ne faɗuwar darajar naira, musamman daga 2023.

FASALI NA SHIDA: DALILAN JINKIRI DA HAƘƘIN DA KE KANMU

Babban dalili shi ne rashin kuɗi da rashin kulawa. Ofishin ƙididdiga ba ya cikin ofisoshin da ake rububin shugabanta, ba a yanke masa ƙyalle a buɗe shi da kaɗe-kaɗe, don haka idan kasafi ya ƙuntata shi ake fara yankewa, sau da yawa ma sai ƙasashen waje sun ba da gudummawa ake iya fita bincike. Sabuntawa kuwa ba ta yiwuwa sai da kayan aikinta. Nijeriya ba ta ƙidaya jama'arta ba tun 2006, ƙidayar gonaki da aka yi a 2022 ita ce ta farko cikin kusan shekara 30. Inda ake yaƙi ko rashin tsaro kuma, ma'aikaci ba ya iya shiga ƙauye da takardarsa.

Lalle awo amana ce. Hukumar da take raba taki da makarantu da hanyoyi bisa hoton ƙasa na shekaru ashirin da suka shige tana iya zaluntar jama'a ba tare da ta yi nufi ba, domin mai sana'ar da ba ta cikin littafi ba a yi masa tanadin wuta ko rance ko hanya. Amma wani ɓangare na amanar yana wuyanmu. Tun zamanin jangali mutanenmu suka koyi kora shanu daji idan sun hango mai alƙalami, har yau kuma mai shago idan aka tambaye shi cinikinsa yakan ce babu kasuwa, mace mai sana'ar cikin gida kuwa mijinta yakan amsa a ƙofa cewa ba ta aikin komai, alhali daga ɗakinta fura da ƙosai da ɗinkin hula suke fita kullum. Ma'aikacin ƙididdiga dabam yake da mai karɓar haraji, kuma Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana amsar mutum da sunansa. Idan ya zo ƙofarku, ku nemi katin shaidarsa, in kun gamsu ku ba shi wurin zama, ku faɗa masa gaskiyar buhunan da kuka girbe da sana'ar kowane mutum a gidan, har da ta mata.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne ƙarin daraja? Wani ya sayi fata a kan naira 3,000, ya jeme ta ya sayar wa baduku a kan 5,000, baduku ya yi takalma ya sayar a kan 9,000. Nawa ne ƙarin darajar majemi, nawa ne na baduku?
2. Bayyana bambanci tsakanin farashin yayi da tsayayyen farashi.
3. Wani gari ya samar da shinkafa buhu 200 a shekarar tushe, kowane naira 5,000. Bana ya samar da buhu 240, kowane naira 40,000. Lissafa jimillar bana da farashin yayi, sannan da tsayayyen farashi. Da kashi nawa samarwa ta ƙaru a haƙiƙa?
4. Faɗi ayyuka biyu na shekarar tushe. Wanne ne ya fi jawo tsallen da aka gani a Nijeriya a 2014?
5. Me ya sa kason noma ya sauko daga kimanin 35 zuwa 22 alhali amfanin gona bai ragu ba?
6. Shekara nawa shekarar tushen Gana ta yi kafin a sabunta ta a 2010? Me ya sa ƙarin Afirka ta Kudu na 2021 bai kai nata ba?
7. Wata ƙasa tana da bashin biliyan 30, jimillar samarwarta biliyan 100. Bayan sabuntawa jimilla ta zama biliyan 150. Lissafa kason bashi kafin sabuntawa da bayanta. Shin nauyin biya ya ragu? Kawo hujja.
8. Me ya sa Nijeriya ta zaɓi 2019 ta bar 2020? A wace shekara 2019 za ta cika shekara 10?
9. Aikin rukuni: ku rubuta sana'o'i biyar da ake yi a unguwarku yau waɗanda babu su shekara 20 da suka wuce, da biyu da suka mutu ko suke gab da mutuwa, ku tambayi mai ɗaya daga cikinsu abin da yake saye da abin da yake sayarwa a mako, ku lissafa ƙarin darajarsa ku kawo aji.